Yadda Za Ki Rubuta Jarrabawa Ɗaki Ɗaya da Mamarki Ba Tare da Kowa Ya Gane Ba

Idan ƙaddara ta haɗa jarrabawarki ta shiga jami'a da ta mahaifiyarki, rana ɗaya, cibiya ɗaya, ɗaki ɗaya, to share hawayenki, kin zo hannun masana. Matakan da ke ƙasa an tace su an rairaye. Duk wadda ta bi su sau da ƙafa, na ba ta tabbacin za ta shiga ta fito babu wanda ya san tana da uwa a duniya, balle a layi.

Za mu ɗauki darasi daga wata yarinya da ake kira Lauya, saboda tun tana ƙarama ba a taɓa aikenta shago ba ta tafi ba tare da ta nemi dalili ba. Mamarta ita ce mai ba da kati a tagar wani ƙaramin asibiti. Jariran da ta buɗe wa kati da hannunta sun girma, sun dawo da farar riga suna ce mata, "Mama, miƙo fayil." Wata rana ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka, ta ce ita ma za ta karanci aikin jinya, don asibitin na tura ma'aikata ƙaro karatu, kuma in bana ta wuce ta, shekarunta za su haura ƙa'ida. Aka yi dariya, aka ci abinci. Sai da takardun shiga jarrabawa suka fito guda biyu dariyar Lauya ta ɗauke.

Ga kuma inda abin ya yi muni. A makaranta Lauya ta taɓa cewa mamarta a asibiti take aiki, 'yan aji suka ɗauka likita ce. Ba ta yi ƙarya ba. Ta dai yi shiru a inda ya dace. Kuma a cibiyar nan aka jefa Gimbiya, 'yar ajinsu, wadda in ta ji magana da safe, kafin a tashi har mai shara ya haddace ta.

Inda Lauya ta yi daidai ki kwaikwaya. Inda ta kwafsa zan nuna miki.

Mataki na 1: Gwada hana ta, amma cikin ladabi

Kada ki ce kunya kike ji. Ki ce lafiyarta kike ji wa. Ki tuna mata hawan jini. Ki tuna mata a kwamfuta ake rubutawa, kuma kin ga yadda take riƙe linzamin kwamfutar da hannu biyu kamar za ta kama ɗan tsako.

Kada ki dogara da mahaifinki. Baban Lauya direban motar kamfani ne, kuma tunda aka fara maganar bakinsa bai rufu ba. Shi ya aro tsohuwar kwamfuta daga ofis, shi yake riƙe littafi yana yi wa Mama tambayoyin da shi kansa bai san inda suka dosa ba.

"Ɗalibai biyu a gidana, ni kaɗai ne jahili," in ji shi. "Malama, in kin zama nas da gwiwata za ki fara."

"Baba, mutane fa za su yi dariya," in ji Lauya.

"To su yi mana. Haƙoransu ne."

Daga nan ki san an bar ki ke kaɗai. Wuce mataki na gaba.

Mataki na 2: Ƙulla yarjejeniya

Zaɓi lokacin da hannunta ke cikin aiki, don kada ku haɗa ido. Lauya ta zaɓi lokacin guga.

"Mama, ba wai wani abu ba ne. Don dai kowa ya samu natsuwa."

"Karanto sharuɗɗan, Lauya."

"Daga mun fita gida ba ki san ni ba. Ba kira, ba ɗaga hannu, ba gyara min mayafi. Kuma ko me ya faru, kada ki juyo."

"Ko gobara ta tashi?"

"Haba Mama."

"To, na ji. Ba zan juyo ba."

Shi ke nan, an ƙulla. Da zarar kin samu wannan amsar ki bar wurin. Kada ki tsaya kallon yadda take ta maimaita guga a kan wuyan rigar da ta riga ta goge. Masana sun gano yawan kallo shi ke ɓata shiri.

Mataki na 3: A mota ki zauna nesa, amma ba nesa da yawa ba

Kafin mu hau mota, sai na gaya miki wani abu game da tabaran Mama. Ba ta iya karatu sai da shi, kuma ba ta iya ajiye shi. An taɓa samunsa a cikin firji. An taɓa juye gidan kaf ana nemansa yana bisa kanta. Saboda haka duk fitar da za su yi, idan ta zo kulle ƙofa sai ta miƙa wa Lauya ta ce, "Riƙe min," ita kuma ta jefa a aljihu. Sun yi hakan har ya zama ba mai miƙawa ba mai karɓa da ke sanin an yi. Ran jarrabawa ma an yi. Ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa.

A bas ki bar ta ta zauna gaba, ke ki wuce can baya kusa da taga, ki buɗe littafi ki ɗaure fuska. Amma kada nisan ya kai inda kwandasta zai ɗauka ba tare kuke ba. Da ya zo kan Mama sai ta ce, "Biyu," ta nuna baya da babban yatsa, ba ta waiwayo ba. Ƙa'ida ce sananniya cewa ƙin sanin uwa bai shafi kuɗin mota ba.

Mataki na 4: A ƙofar jami'a ki auna dariyarki

Za ki tarar da ƙofar ta kasu biyu. Ɗalibai na shiga ta ƙaramar ƙofa da takarda a hannu, iyaye kuma an tara su a gindin bishiyoyi da robobin ruwa, kowa na leƙen ɗansa kamar yau aka yaye shi. Can ne mazaunin uwa ta gari. Taki kuwa ga ta a layi, mutum kamar goma a gabanki, ta fi kowa tsayuwa daidai.

Mai gadi zai tare ta. Na Lauya ma ya tare.

"Mama, iyaye can gindin bishiya."

Ta miƙa masa takarda. Ya dubi hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton.

"Ke da kanki?"

"Ni da kaina, ɗana. Sai dai in kai za ka shiga ka rubuta min."

Layi ya kwashe da dariya. A daidai lokacin ne wani turare ya daki hancin Lauya, aka dafa kafaɗarta. Gimbiya ce.

"Lauya, kin ga kakarmu? Ji jaka don Allah, kamar za ta awon ciki. Wallahi in da uwata ce, ƙasa zan tona in shige."

Nan ake gane ƙwararriya. In kika ƙi dariya, za a zarge ki. In kika ƙyalƙyale, muryarki za ta kai gaba, kuma uwa ko a kasuwa tana gane dariyar 'yarta. Ki saki iska ta hanci, ki ce, "Hmm." Lauya ta yi hakan daidai. Kafaɗar Mama ta ɗan motsa, amma wuyanta bai juya ba. Kin ga amfanin yarjejeniya.

Daga ƙofa zuwa cibiyar akwai tafiya. Allunan nuni biyu ne, kowanne na nuna wani gefe daban, 'yan jami'a kuma na zaune kan dakali suna kallonku kamar su a aji uku aka haife su. Ki bi inda taro ya bi. In kin ga mamarki ce ta tsaya ta tambayi hanya, kuma duk taron ita yake bi, ki ɗauka ba ki lura ba.

Mataki na 5: Duk abin da aka samu a jikinki, naki ne

A bakin ginin za a raba ki da komai: waya, agogo, 'yan kunne, jaka. Za a tara su a ƙarƙashin matattakala, a ce Allah ya tsare. Sai a danna yatsanki a na'ura, sai wata mata mai safar hannu ta lalube ki daga kai har ƙafa, da fuskar wadda aka taso daga barci.

Mama ta riga ta wuce, ƙofa ta haɗiye ta. Da aka zo kan Lauya, matar ta tsaya a aljihun dama, ta zura hannu, ta zaro tabarau.

Ya kamata ki san kamanninsa. Gilashinsa kauri gare shi kamar gindin kwalba. Ƙafarsa ɗaya ta karye an ɗaure da baƙin zare. Yana da igiyar ratayawa a wuya mai 'yan duwatsu, irin wadda ba a taɓa ganin mai shekara ƙasa da arba'in da ita ba.

"Na wane ne wannan?"

Lauya ta dubi ƙofar da Mama ta shige. Ta ji numfashin Gimbiya a ƙeyarta.

"Nawa ne."

Madalla. Haka ake so.

"To saka mu gani. Yanzu har kyamara kuke ɓoyewa a ciki."

Ta saka. Matar ta zama mata uku, ƙofa ta zama ruwa.

"Ke, tun yaushe?" in ji Gimbiya. "Kin ga yadda kika koma kuwa? Sak shugabar makaranta."

"Na karatu ne. A gida nake sawa."

Matar ta leƙa ciki ta ce wa mai sa ido, "Mai tabarau, an duba, nata ne." Lauya ta shiga, bayan ta fara gaisawa da bango.

Za ki ce wa kanki a ciki za ki san dabarar miƙa mata. Ki ci gaba da faɗa wa kanki haka, yana kwantar da hankali. A ciki dai kowa da lambar kujerarsa, kuma an rubuta a bango da jan fenti cewa duk wanda ya yi magana ko ya miƙa wa wani abu, waje.

Mataki na 6: Allonki kawai za ki kalla

Ɗakin dogo ne, kwamfutoci a jere, an raba tsakaninsu da katako kamar akurkin kaji. Na'urar sanyaya ɗaki na ruri ba sanyi, janareta na amsa mata daga waje. Mutum ɗari biyu, kowa na shaƙar tsoron na kusa da shi. Gimbiya ta samu kujera a layin bayan Lauya. Mama kuwa layi biyu a gaba, ɗan hagu kaɗan, daidai inda ido ke sauka in an ɗago kai. Saboda haka kada ki ɗago.

Aka ce a fara. Agogo ya bayyana a kusurwar allo yana cin kansa.

Lauya ta ajiye tabaran gefen linzami, ta karanta tambayar farko. Ta san amsar. Ta danna. Sai ta yi kuskuren da na hana ki.

Mama ta shafa aljihunta. Ta shafa ƙirjinta, inda igiyar ke sauka. Ta shafa kanta. Sai hannun ya tsaya cak a sama, alamar ta tuna. Wuyanta ya fara juyowa a hankali, har Lauya ta hango gefen kumatunta. Nan ya tsaya. Ya koma inda ya fito.

Daga nan ta ja kujera baya iya tsawon hannunta, ta ɗaga haɓa, ta ƙanƙance ido. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo. Ta sake ja baya. Mai sa ido ya wuce ta gefenta da hannuwa a baya, da za ta ɗaga yatsa ɗaya ta ce tabaranta na wurin waccan yarinyar da an gama. Ba ta ɗaga ba. Ta kama linzami da hannu biyu ta danna wani abu.

A nan za ki buƙaci 'yan kalaman lallashin zuciya, ga su kyauta. Zaɓi huɗu ne a kowace tambaya, ko da ido a rufe mutum na da rabonsa. Ita ta manta, ba ke ba. Tagar kati ma aiki ne, kuma akwai fanka. Shekara ashirin ɗin da ta yi a wurin ba su kashe ta ba, goma a kai ba za su kashe ta ba. Ki maimaita har sai kin ji sanyi.

Lauya ta maimaita. Ta karanta tambaya ta biyu, ta kai ƙarshe, ta tarar ba ta san abin da ta karanta ba. Ta sake. Baƙin zaren nan na ƙafar tabarau yana ta shiga idonta. Ita ta ɗaure shi da hannunta, ranar da Mama ta zauna a kansa tana bitar lissafi.

Mataki na 7: Kada ki ɗaga hannu

Wannan shi ne matakin da duk sauran suka dogara a kai, kuma ba ya buƙatar komai sai zama. Ki sa hannunki ƙarƙashin cinya in ta kama.

Lauya ta ɗaga.

Mai sa ido ya zo, dogon mutum mai alli a gwiwar hannu, da gani malami ne aka hana shi hutun mako.

"Mene ne?"

"Tabaran nan. Na waccan matar ne. Don Allah a miƙa mata."

Lura da wayonta: waccan matar. Har yanzu tana neman tsira da rabin mutunci. Ba a yin rabi a wannan sana'a.

"Ba ke aka ce min naki ne an duba ba?" Ya ɗaga tabaran sama yana juya shi a hasken fitila. "Yaya aka yi kayan wata ya kwana a aljihunki? Me kuka rubuta a jiki? Tashi. Zo nan."

Ya tasa ta gaba har kujerar Mama. Kawuna suka fara leƙowa ta saman katako.

"Baiwar Allah, kin san yarinyar nan? Ki faɗa min gaskiya. In baƙi biyu ne ke miƙa wa juna kaya a ɗakina, ku duka waje, kuma sai na rubuta."

Mama ta ɗago. Idanunta sun yi ja don ƙanƙancewa. Ta dubi tabaran, ta dubi Lauya sama da ƙasa kamar mai neman kati a taga.

"Malam, ita za ka tambaya."

Kin ga illar uwa mai cika alkawari. Ko a bakin rami ba za ta taimake ki ta karya shi ba.

"To ke, wace ce ita?"

Lauya ta faɗa. Janareta ya cinye.

"Ɗaga murya, ba ni da lokaci."

"Mamata ce!"

Na'urar sanyaya ɗaki, wadda tun safe ba ta yi abin kirki ba, ta zaɓi wannan lokacin ta ɗauke. Maganar ta tafi har bangon ƙarshe ta dawo. Wani yaro ya ce, "Kai!" Daga layin baya aka ji wata 'yar ƙara, irin ta wadda ta tsinci abin da zai ishe ta zango guda.

Mai sa ido ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Ba sai kun rantse ba, hancin ya isa shaida." Ya sake duba gilashin, ya hura masa iska, ya miƙa. "Sauran ku me kuke kallo? Agogonku tsayawa ya yi?"

Mama ta goge tabaran da bakin mayafi, ta rataya igiyar, ta saka. Ta dubi allo, ta ja tsaki.

"Ashe ba abin da na zaɓa ke nan ba." Ba ta ɗago ba ta ƙara da cewa, "Koma ki zauna, lokacinki na tafiya. Kuma ki daina ranƙwafawa."

"Ba magana!" in ji mai sa ido.

"Yi haƙuri, ɗana."

Lauya ta koma kujerarta, kunnuwanta kamar an ɗora a wuta. Abin haushin shi ne, tambaya ta biyun nan da ta gagare ta, karatu ɗaya ta yi mata.

Mataki na 8: In kin riga kin kwafsa

Babu gyara, sai dai haƙuri. Kada ki yi tsammanin duniya za ta tafa miki. Kafin Lauya ta gano jakarta a ƙarƙashin matattakala, Gimbiya ta karɓi wayarta, yatsunta na gudu. Ta ƙaraso da murmushi har kunne, ta ɗan rusuna.

"Sannu Mama, ashe ke ce likitar."

"Mai ba da kati ce, 'yata. In kin zo asibiti ki neme ni, ba za ki bi layi ba."

Kafin yamma an sauya wa Lauya suna a aji zuwa 'Yar Ajin Mama, kuma sunan ya zauna daram.

A bas ɗin komawa kujera ɗaya suka zauna. Sai da aka yi nisa Lauya ta juyo gare ta.

"Mama, me ya hana ki juyowa?"

"Ke kika ce kada in juyo."

"To in da ban kawo ba fa?"

"Da na gama canki-cankina na fito." Ta zare tabaran ta miƙa mata, idonta na kan titi. "Riƙe min."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta da alhakin duk abin da ya biyo baya, ko an bi matakan ko an karya. Ba ruwanta da sunan da za a laƙaba miki, ko tambayoyin ƙarshe da lokaci zai ƙare ba ki kai gare su ba, ko mahaifin da zai tare ku a ƙofar gida yana tambayar wa ta fi wa. In kin bi shirin har ƙarshe kin yi nasara, abin da za ki riƙa gani duk lokacin da kika wuce tagar kati, ke kaɗai ya shafa, kada ki kawo min.

Musamman ba a karɓar ƙorafi daga Lauya. An ɗauke su su biyu, jami'a ɗaya, tsangayarsu na kallon juna. Yanzu duk inda Mama ta hango ta, ko daga wancan ƙarshen filin ne, sai ta ɗaga hannu biyu ta ƙwala mata kira, ta zo ta gyara mata mayafi a gaban kowa. Da Lauya ta tuna mata yarjejeniya, cewa ta yi ita ba ta karya komai ba, wadda ta kafa sharuɗɗan ce ta warware su da bakinta, a gaban shaidu ɗari biyu.